Na Sa Leda A Jikina Don In Kori Zazzaɓi Da Gudu

Edita, a farkon shekarun tamanin ni budurwa ce mai ƙafar gudu, kuma na san da haka, abin da ya sa ba na jin maganar kowa ke nan. Daga Filato na zo Kaduna bayan na gama sakandare, na sauka a Unguwar Boro wurin ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Mama. Ita ta yi mini hanya na shiga wata masaƙa a Kakuri, sashen zare, amma cikin 'yan wucin gadi. Mu ba mu da katin asibitin kamfani, ba mu da hutu, kuma duk ranar da aka ga dama sai a ce kada mu zo gobe. Ba ni da wani buri a lokacin da ya wuce a mayar da ni ma'aikaciyar dindindin, in kawo mahaifiyata birni ta huta da noma.

A wancan zamani masaƙu suna ji da wasanni. Kowace shekara akan yi gasa tsakanin kamfanoni, kuma sanin kowa ne cewa a namu duk wanda ya ciyo lamba ana tabbatar masa da aikinsa. Kocinmu tsohon soja ne mutumin Binuwai, ba ya yawan magana. Shi ya zaɓe ni a gudun dogon zango na mata. Akwai wata yarinya daga sashen rini da muke atisaye tare, ina gaba tana bina, kuma ban ɓoye mata cewa na raina ta ba.

Da damina, saura kamar wata guda a yi gasar, zazzaɓi ya kama ni. Da farko ciwon kai ne da ɗacin baki, sai sanyi ya riƙa kaɗa ni ko da rana ta take. Mama ta taɓa goshina ta ce in je asibiti, in kuma gaya wa koci. Na ce mata gajiya ce kawai. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, don a ganina da zarar na ce ba ni da lafiya za a cire sunana a sa na yarinyar rini. Ga kuma abin da mazan ƙungiyarmu suke faɗa kullum, wai zazzaɓi ragon ciwo ne, gumi ke fitar da shi. Sukan ɗauko babbar ledar da ake naɗe bandir ɗin yadi da ita, su huda wurin kai da hannuwa, su sa ta a ƙarƙashin riga su yi ta gudu har ruwa ya riƙa zuba a takalmansu. Babu wanda ya tilasta mini. Ni da hannuna na ɗauko ledar na yanka ta daidai jikina.

Kwanaki ina haka, in sayi ƙwayar ciwon kai a kemis in haɗiya, in sa ledata in fita ni kaɗai bayan atisayen ƙungiya. Da na ga fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, sai ma na yi murna, na ce ai ciwon ne ke fita. Wata Asabar da tsakar rana na bi gefen layin dogo ina gudu, sai na ji gumin ya ɗauke gaba ɗaya, ƙafafuna suka zama kamar na aro. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne hayaƙin masu gasa masara. Su ne matan da suka tare mota suka kai ni asibiti. An ce da almakashi nas ta yanke ledar, ta ɗaga ta tana tambaya ko wa ya ƙulle 'yar mutane kamar ƙullin gishiri.

Likita ya gaya wa Mama a gabana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda magani da hutun 'yan kwanaki ke warkarwa, amma na matse ruwan jikina har abin ya taɓa ƙoda. Mama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rufe rumfarta ta kunu ta tare a gefen gadona. Da koci ya zo duba ni, ya ce a makon da na fara ciwo ita ma yarinyar rini ta yi zazzaɓi. Ta zo ta faɗa masa, ya hana ta atisaye har ta gama shan magani, kuma bai cire ta daga ƙungiyar ba. Ya ce da na buɗe baki, haka zai yi mini. Ina kwance aka yi gasar. Yarinyar rini ta zo ta uku, aka ba ta aikin dindindin, ni kuwa na juya fuskata bango na yi kuka kamar raina zai fita.

Komawata gudu ta ɗauki watanni, kuma a nan ne na koyi haƙuri dole. Likita ya hana ni komai sai ya sake gwada ni ya gamsu. Na fara da tattaki zuwa bakin titi, daga baya zuwa coci, ina hutawa a hanya kamar tsohuwa. Koci ya ce idan na fara sassarfa in riƙa yi wa wani magana, duk lokacin da numfashi ya hana ni ƙarasa zance in tsaya. Idan na tashi washegari jikina a mace, in koma tattaki. Na ji haushin wannan doka, amma na bi ta, ina shan ruwa kamar yadda aka ce. Sannu a hankali ƙafata ta dawo, aka kuma sake ɗaukata wucin gadi.

Shekarar da ta biyo baya na shiga gasar da lafiyata, na zo ta ɗaya. Sai dai kafin nan zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo, kamfani ya daina tabbatar wa kowa aiki. Lamba da kwanon samira aka ba ni, ba a daɗe ba kuma aka sallame mu 'yan wucin gadi. Mahaifiyata ta rasu a ƙauye tana noma, ban kawo ta ba.

Na yi ta tunani a kan wannan, na gane cewa ba zazzaɓi ne ya cuce ni ba, ɓoye shi da na yi ne. Saboda haka ina roƙon matasa masu gudu da masu ƙwallo, in jikinku ya yi zafi ku ajiye takalmi, ku je asibiti, ku faɗa wa mai horar da ku gaskiya. In kun warke ma kada ku yi gaggawar komawa. Ni hutun mako guda na ƙi yi, kuma har yau ina biyan sa.