Rigar Sanyi Mai Hannu Ɗaya

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu da nake rubuta muku jikina bai dawo daidai ba. 'Yan uwa mata na wannan zaure, don Allah wadda ta san fassara ta taimake ni. Amma kada wata ta rubuta mini "ki yi haƙuri" ta wuce. Haƙurin nan na ji shi har kunnena ya gaji.

Bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa. Ɗana na fari ya rasu a daminar nan, zazzaɓi ne, yana shirin shiga aji ɗaya. Sunan surukina aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari, to kun san yadda abin yake a wajenmu. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Ko wasa ba na yi da shi a gaban mutane. Abu ɗaya da nake masa ba mai ce mini mara kunya shi ne saƙa. Duk shekara kafin sanyi ya shigo sai na saƙa masa riga, don ƙirjinsa ba ya shiri da sanyi. Ta bana da wuri na fara, da jan ulu, shi da kansa ya nuna da yatsa a kasuwa. Na gama jikin, na gama hannu ɗaya, sai ya kwanta.

Yanzu kaka ta yi. Gero ya yi kyau bana, har maigida yana neman inda zai zuba. Kowa a gidan nan sai Alhamdulillahi. Ni ma ina faɗa, amma baki ne kawai yake faɗa. Ana nan ƙanwar maigida ta haihu, jibi suna. Shekaranjiya Inna, uwar mijina, ta same ni a ɗaki ta ce, "Ki warware ulun nan ki yi wa jaririn hula da safa, sanyi na tafe. Ajiye shi ba abin da zai ƙara miki sai ciwo." Na ce to. Wallahi ba da mugunta ta faɗa ba, matar tana sona, amma ranar ko tuwo ban iya haɗiyewa ba.

To ga mafarkin.

Na gan ni a gonarmu ta bayan gari, rana tsaka amma babu zafi. An gama girbi, an jibge dammunan gero har sun fi kukar bakin gonar tsawo. Mutane suna ta ɗauka, ban ga fuskar kowa ba. Duk wanda ya ɗora dami a kai sai ya ce "mun gode Allah", kuma dukansu murya ɗaya ce. Wata mata ta miƙo mini tumu da zafinsa, ta ce, "Ke ba ki ce komai ba." Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Sai kawai na hango yaron nan nawa a gindin rumbu. Ba riga, daga shi sai ɗan gajeren wandon nan nasa mai yagaggen aljihu. Yana gaguyar tumu, bakinsa duk ya yi baƙi. Wata iska mai sanyi ta taso, daga inda nake ina ganin yadda tsigar jikinsa ta tashi. Na duba hannuna, ga rigar, allurar saƙa na soke a jikinta.

Na ce, "Kai, zo ka sa riga."

Bai juyo ba.

"Kai yaron nan, ba da kai nake ba?"

Sai kawai ya shige cikin rumbun. Rumbun da ba shi da ƙofa sai ta sama, amma ya shiga kamar ɗaki, ni ma na bi shi. Ciki babu hatsi. Wata doguwar hanya ce, gefe da gefe gadajen asibiti, a kan kowane gado an kwantar da damin gero an lulluɓe shi da zani. Yana gaba yana tafiyarsa, tafiyar nan ta jan takalmi da kullum nake masa faɗa a kanta.

Ina gudu amma ba na cim masa. Can sai na ji rigar tana raguwa a hannuna. Ashe bakin zaren yana riƙe a hannunsa, yana tafiya tana warwarewa. Hannun nan ɗaya da na gama ya tafi, wuyan ya tafi, kafaɗa ta fara bi. Sai ga Inna zaune a bakin wani gado tana bakacen gero a faifai. Na ce, "Inna, don Allah ki kira shi, ke yana jin ki." Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ai ba ni ce uwarsa ba."

Na ce kai. Na ce yaro. Na ce ɗan nan. Duk abin da na saba kiransa da shi na kira, ko waiwaye bai yi ba. Ya kusa wata ƙofa a ƙarshen hanyar, abin da ya rage a hannuna kuma bai fi tafin hannu ba. Sai na manta da Inna, na manta da suruki, na manta da kowa, na ƙwala ihu.

"Haruna!"

Ya tsaya cak. Ya fara juyowa. Na ga kunnensa, na ga gefen kumatunsa, sai na farka.

Ana kiran assalatu, maigida na zaune a bakin gado yana kallona. Ashe a fili na faɗa. Sai ya ce, "Ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba sai yau." Ya tashi ya ɗauki buta ya fita. Na ji ya daɗe a tsakar gida bai fara alwalar ba.

Na buɗe akwati. Rigar na nan yadda na bar ta, da hannunta ɗaya. Na rungume ta na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, don ranar ma cewa aka yi uwar ɗan fari ba ta ɗaga murya.

To ku gaya mini. Janye zaren nan da ya yi, so yake in warware a yi wa jaririn? Ko tsayawar da ya yi jira yake in ƙarasa masa ɗaya hannun? Jibi suna, Inna na jiran hula, ni kuma na kasa zare allurar.

Sannan wadda ta sani, don girman Allah kada ta ɓoye mini: da ban farka ba, da ya juyo?