Ranar da Kakata Ta Kori Raƙumin Baffa

Duk lokacin da na ji ƙanshin mazarƙwaila tana tafasa, sai in tuna fadamar ƙauyenmu, da ranar da muka kusa rasa ta saboda tsabar son asali mai ƙyalli.

Ƙauyen namu ɗan mitsitsi ne, can wajen Kudan. In jaki ya yi atishawa a bakin gari, na ƙarshen gari sai su ce masa sannu. Amma fadamarmu ba ta wasa ba ce. Rakenta guda sai ƙarti biyu sun kama kafin ya tashi. To, na ɗan ƙara gishiri, amma kaɗan.

Ina ɗan shekara goma mutanen tsallaken rafi suka ce fadamar tasu ce. Magana ta yi tsami har hakimi ya zo da kansa, bayan an gama yankan dawa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, ya ce hukuncinsa ɗaya ne: waɗanda suka riga zama, su ke da fadama.

Baffana, yayan mahaifina, shi ne bakin gidanmu. Ya naɗa rawanin da sai da ya sunkuya kafin ya fita zaure. Ya miƙe ya ce kakanmu na farko shehin malami ne, ya zo daga gabas a kan raƙumi, da littattafai buhu bakwai. Duk muka gyaɗa kai, don labarin da muke ba baƙi ke nan. A yankinmu kowane gida daga gabas ya zo, har nakan rasa wa aka bari a can.

Wani dattijon tsallake ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, mun yarda malaminsu ya zo. To da ya zo, ai mu ya tarar."

Na rantse na ga rawanin Baffa ya sace kamar tayar keke.

Sai ga kakata ta dogaro sanda daga bayan mata. A ƙauyen aka haife ta, kuma a lokacin haƙorinta biyu ne, su ma ba sa ga maciji da juna.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ɗana ne, ni na haife shi, amma raƙumin nan ban san inda ya samo shi ba. Malamin ya zo, da ƙafa, da gafaka guda. Ya auri 'yar gidan da ya tarar. Gidan nan mu ne. Maguzawa ne masu narka tama su fid da ƙarfe, tun kafin a san sallah a nan."

"Haba Inna!" in ji Baffa.

"Rufe mini baki. Kunyarsu kake ji? Da garmar da suka ƙera aka noma tuwon da ya yi maka wannan tumbin."

Ta ce mutanen farko ba da ciyawar gamba suke yin iyaka ba. Kashin maƙera suke zubawa a tukunya, wato baƙin dutsen nan mai huji-huji da ke saura in an narka tama, su binne a kusurwoyi huɗu. Kakarta ce ta nuna mata wuraren tana yarinya.

Muka ɗunguma fadama, har kaji. Ta nuna gindin wata giginya, aka haƙa har gwiwa, babu komai. Na ga mahaifina yana share gumi, don da raken nan yake ciyar da mu. Ta ce, "Ku ci gaba, kakanninku ba ragwaye ba ne irinku." Da aka kai ƙugu sai fartanya ta ce ƙwas! Tukunya ce, cike da baƙin dutse. Aka tono ta biyu, aka tono ta uku. Hakimi ya juya ga mutanen tsallake ya ce su nuna ta huɗu. Suka yi ta kallon sama kamar masu neman jinjirin wata. Kakata ta taka, ta caka sandarta. Nan ma aka same ta. Hakimi ya ce fadama tamu ce.

Daga ranar Baffa ya sallami raƙuminsa. Har ya rasu, in ya fara cika baki, sai wani ya tambaye shi ko ya ba raƙumi ruwa.

Yau injinan ban ruwa ne ke kuka a fadamar, tumatir ya ci rabin wurin rake, samari na ciniki ta waya. Giginyar ta faɗi, kakata ma ta daɗe da kwanta dama, Allah Ya jiƙanta. Amma akwai dunƙulen kashin maƙera guda a ɗakina, kusa da Alƙur'anin malamin nan mai gafaka, don duka biyun nawa ne.

Kwanan baya 'yar autata ta dawo daga makaranta, wai an ce kowa ya rubuto daga inda kakanninsa suka zo. Na ɗora mata dutsen a tafin hannu, na ce, "Rubuta ki ce ba mu zo ba. Tarar da mu aka yi."