Ganyen da ƙanena ya tsinka

Shekarun baya mahaifiyata ta daina ɗaga wayar ƙanena. Wata maƙwabciyarmu a unguwar Bani Malik ce ta kawo mata labarin cewa aikin da yake yi a Italiya a gonar masu giya ne. Umma ba ta yi faɗa ba, sai dai in kiransa ya shigo ta kife wayar ta ci gaba da tasbihinta.

Ni kuwa girki nake yi wa wasu Larabawa a nan Jidda, kuma ba yabon kai ba, a naɗin waraƙ inab, ganyen inabin nan da ake cusa wa shinkafa, ban ga wadda zan ji tsoro ba. Da za su hutun bazara Italiya suka tafi da ni. Ina haɗa kaya Umma ta ce in je in gano mata da idona, ban da rufa-rufa.

Na je. Tuddai ne kore shar, inabi layi-layi har inda ido ya tsaya. Tsohuwar da ke da gonar ta zagaya da ni ɗakin ƙasa mai sanyi, ganguna jere, wani tsami-tsami na dukan hanci. Ta miƙo min kofi, na dafa ƙirji na gode, ta yi dariya ta sauya min da ruwan inabin da bai kwana ba. Giya dai ana yin ta a wurin, babu zancen musu.

Aikin ƙanena a lokacin shi ne rage ganye don rana ta sami 'ya'yan. Na ga ganye tuli a ƙasa ana takawa, ni da nake sayensa a kwalba kamar magani. Na duƙa na hau kwasa, ko kunya babu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, wannan an yi masa feshi." Ya kai ni wata tsohuwar kurangar inabi da ta rufe ƙofar gida, wadda ba a fesawa, ya tsinko min cike da jaka. Muna sa masa gishiri ya tambaye ni ko Umma tana ambatonsa. Na ce a'a. Ya sunkuyar da kai, tausayinsa ya kama ni sosai.

Da na dawo na faɗa wa Umma komai: gangunan, da sallarsa a tsakanin layuka, da neman wani aikin da yake yi bai samu ba tukuna. Na jiƙa ganyen muka zauna naɗi. Ta ɗaga ɗaya ta murza, ta tambayi wanda ya tsinka. Na faɗa mata.

"Duk ya zaɓo masu tauri," in ji ta. "Yalla, maza kira min shi, yaron nan har yanzu bai iya komai ba."

Ta daɗe tana masa faɗa a kan ganye, shi kuma yana kuka yana cewa to Umma. Giya ba ta fito a bakinta ba sai can ƙarshe, da ta ce Allah ya musanya masa da mafi alheri.

Yanzu a gonar zaitun yake aiki. Har yau ina jin daɗin yadda ban rage mata komai ba, don da na ƙawata labarin da ta gane a fuskata. Ganyen kuwa na duba shi da kaina, laushinsa ƙalau.