Inna Tabita, Wadda Ta Ƙi Yarda Olsa Ce

Kafin rana ta ɗaga, Inna Tabita ta riga ta share ɗan asibitin ƙauyensu da ke gabas da Minjibir, ta tafasa ruwa, ta shimfiɗa wa masu jira tabarma a gindin darbejiya. Shekara talatin da biyu tana haka. A watan nan ta ajiye aiki, ba taro, ba jawabi.

Duk wanda ya zo mata da zafin ciki sai ya sha tambaya. Loma nawa kake yi ka ƙoshi? Bayan gidanka ya taɓa yin baƙi? Wandonka ya fara yi maka yawa? Wasu na cewa ta cika bin diddigi, ba su san inda ta koyo ba. Shekara guda ta yi tana ba mijinta Yaro maganin olsa da hannunta. Sai da ya fara aman jini likitocin birni suka ce ciwon daji ne ya cinye masa tumbi. An binne shi ran Asabar, ran Litinin ta buɗe asibiti.

A shekarar da ruwa ya yi ta ɗaukewa, taki ya gagari talaka, kantar maganinta ta zama wayam, aka kawo mata wani manomi, Malam Hadi. Kowa a garin ya rame, shi ya sa ba wanda ya lura da tasa ramar. Ta danna saman cikinsa, ta ji wani abu mai tauri.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun bazara, Inna. Olsa ce, kanwa nake jiƙawa."

Wansa Tasi'u ya ce, "Sammu ne. Tun da suka yi rigimar iyakar gona da Mika'ilu yake haka."

"Tasi'u, ajiye wannan maganar. Gobe za mu Kano, da ni za a je."

A can aka zura masa siririn bututu ta maƙogwaro, aka ɗebo ɗan nama aka gwada. Likita ya ce dajin ya kai hanta, tiyata ba za ta yi amfani ba, sai dai a rage masa raɗaɗi. A motar dawowa Hadi ya ce, "Inna, zan ga girbin dawa?"

Ta ce, "Allah ne ya sani, Malam. Amma in da abin da za ka gyara, gyara shi yanzu."

Da ta ji dangi na shirin ƙone rumbun Mika'ilu, ta same su a zaure. Ta ce ba hannun mutum a ciwon nan. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ake sha a gurɓataccen ruwa, ta yi shekaru tana cin tumbi. Yawan gishiri da naman banda da taba suna ƙara masa ƙarfi, wani kuma a dangi yake bi.

"Ciwon nan ne ya kashe mijina," in ji ta. "Ku gaya mini wanda ya yi masa sammu."

Ba wanda ya ƙara tayar da maganar ƙone rumbun.

Mako shida tana zuwa gidan Hadi kullum da azahar, ta ba shi kunu cokali-cokali, ta juya shi. Ya rasu dawa ba ta nuna ba. Mika'ilu na cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Bayan shekara biyu ƙanwar Hadi, Luba, ta fara saurin ƙoshi, ta zo da ƙafarta. Aka yanke mata rabin tumbi, aka yi wata shida ana ɗura mata magani ta jijiya har gashinta ya zube. Tana nan da ranta, ita ce ma ta ba mu labarin nan. Cikin mutum goma sha bakwai da Inna ta tura birni, huɗu ne suka tashi. Sauran sun zo a makare.

Inna Tabita, ke ce mai faɗin gaskiya ranar da kowa ke son jin ƙarya mai daɗi. Ke ce kika zauna da waɗanda magani ya sallama. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku ma'aikatan lafiya masu tasowa, ku yi koyi da ita, ku tambaya kafin ku miƙa ƙwaya. Har yau ba a turo wanda zai maye gurbinta ba. An garƙame asibitin da kwaɗo, masu ciwo kuwa sun koma sallama a ƙofar gidanta, kuma ba ta kori kowa ba.