Bangon Baba Sifana

Kafin a kunna inji ko ɗaya, Baba Sifana ya riga ya shiga ɗakin gwaji, ya rataye hularsa, ya tsaya gaban bango. A jikin bangon akwai dogayen ƙarafa masu huji, kowane huji da noti ɗaure tamau, da kwanan wata a ƙarƙashinsa. Duk rukunin kayan da kamfaninmu ya fitar, sai ya zari guda ya ɗaure a nan, ya yi wata yana ƙwanƙwasa shi da sifana kowace safiya. Ba wanda ya sa shi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara talatin da takwas.

Na ƙarshen kowace shekara ba ya kwance shi, don haka mai neman tarihin kamfanin nan bangon ya ishe shi. Layin ƙasa na zamanin da marigayi mai kamfani yake da inji biyu ƙarƙashin rumfar kwano, ana sarar ƙusa da notunan gadaje. Na tsakiya na motoci ne. Na sama kuwa, masu kaurin wuyan hannu, na zamanin ɗansa ne, manajanmu na yanzu. A cikinsu akwai huji ɗaya da ba noti, sai kwanan wata.

Mun daɗe muna yi masa ba'a. Ni, da nake shugaban sashen sarrafawa, na taɓa ce masa, "Baba, kiwo kake yi? Yaushe za su haihu?"

Ya ce, "In naƙuda ta tashi, kai ne ungozoma."

Shekara tara ke nan, aka ba mu aikin manyan notuna na wata hasumiyar ƙarfe da za ta ɗauki tankin ruwa. Irin waɗannan, in an yi musu wankin tutiya don kada su yi tsatsa, dole su yi awa takwas a tanderu. In ba haka ba, za a ɗaura su lafiya lau, sai bayan kwanaki su tsinke da kansu. Ranar mota tana jira a bakin ƙofa, sai na ce a loda.

Safiya ta huɗu, Baba ya tarar da kan notin wannan rukunin ya tsinke, ya faɗi a gindin bangonsa. Ya ɗauko shi, ya same mu ni da manaja a ofis, ya ajiye a kan tebur.

"An gasa waɗannan?"

Na dubi takarda, ban dube shi ba. Na ce, "An gasa."

Bai musa ba. Ya ce a kira injiniyan hasumiyar, domin a safiyar nan za a ɗora tankin. Manaja ya ce, "Guda ɗaya cikin dubu huɗu, Baba. Muka kira su, sunan mahaifina ne zai zube."

"Ranka ya daɗe, tambarin mahaifinka yana kan kowane ɗayansu. Shi ya sa."

Baba ya kira da wayarsa har sau uku, ba a ɗaga ba. Da ya juya, manaja ya ce in ya fita ƙofar nan kada ya dawo. Baba ya cire katin aikinsa ya ajiye kusa da kan notin, ya ɗauki sifana, ya hau babur.

Sauran labarin daga bakin direban motar ƙugiya mai ɗaga tankin na ji shi. Tanki yana lilo a sama, mutum shida suna kan hasumiya suna jiran karɓarsa, sai ga wani dattijo ya kutso ya tsaya a gindinta. Injiniya ya daka masa tsawa ya fita. Baba ya ce, "Ɗana, ka tsayar da ƙugiyar nan na minti biyar. In ƙarya nake, ka haɗa ni da hukuma." Direban ya ce shi dai sai ya tsayar da ita. Baba ya ƙwanƙwasa noti na farko, na biyu, na uku, ba abin da ya faru, har an fara dariya daga sama. Na huɗu, kan ya faɗi a kan takalminsa. Dariya ta ɗauke. Ya ɗaga kai ya ce, "Ku sauko ɗaya bayan ɗaya, kada wanda ya yi gaggawa." Bai gusa daga ƙarƙashinsu ba sai da na shida ya taka ƙasa.

Wata biyu ya yi a gida. Da na je gaishe shi, uwargidansa ta ce, "Ku zo ku ɗauki abinku. Duk abin da ke motsi a gidan nan ya ɗaure shi, ni kaɗai na tsira." Masu hasumiyar ne suka ce ba za su ƙara karɓar kayanmu ba sai da sa hannunsa, sannan aka maido shi.

Kai ne, Baba, wanda ka san wanda ya ce a loda, domin ka taɓa tanderun ranar ka ji shi da sanyi. Aka tambaye ka a gaban kwamitin bincike, ka ce aikinka gwada ƙarfe ne, ba mutane ba. Shekara tara kana amsa gaisuwata da fara'a, kuma babu hukuncin da ya kai wannan nauyi a kaina. Ƙarfe mai riƙe ƙarfe, mun gode. Gida shida ma sun gode, ko da ba su san fuskarka ba.

Wanda zai gaji ɗakin nan, kada ya toshe hujin nan da ba noti. Matasan da ke kan injuna kuma, ku koyi duba aikinku bayan mota ta tafi da shi.

Saura tambayarka, Baba, wadda har yau ban amsa da gaskiya ba. Ba a gasa ba. Ni na hana.