Jan Garmahon Yaya Katung

Yayana Katung ya shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a kudancin Landan, kuma ban taɓa ganin ya sayi sabon takalmi ba sai matarsa ta matsa masa lamba. Amma garmaho na wasan yara, irin na gwangwani da ake wanawa da hannu, yana da ashirin da uku. Duk Asabar da sassafe yana kasuwar gwanjo ta Deptford, yana tona kwalayen mutane. Wasu ba su wuce kwanon sha ba, an zana musu agwagi da zomaye a jiki. Sautinsu kuwa sai ka ce an rufe mawaƙi a cikin tukunya, amma shi ba abin da ya fi masa daɗi.

Abin ya samo asali ne daga Kafanchan. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, wani Bature da zai koma gida ya bar masa ɗaya, muka yi ta wana shi har ya mutu a hannunmu cikin mako guda. Ni tuni na manta. Katung har ya yi furfura bai huce ba, shi ya sa a gidansa na Lewisham ba yaron da ya isa ya taɓa masa ko ɗaya. Ko ni, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, sai na wanke hannu.

Inda yake da rauni shi ne kara. Duk baƙon da ya yaba wani abu a gidan, ko labule ne, sai ya ce ai naka ne, ɗauka. Mu da muka tashi a gida mun san magana ce ta fatar baki: ka yi godiya, ka bar wa mutum kayansa, a ci gaba da hira. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ɗaukar ko cokali.

Wata Lahadi tsohon abokin aikinsa, Malam Mutawakil mutumin zangon Kumasi, ya zo gaisuwa da 'yarsa Nusrat. Ita a Peckham aka haife ta, malamar ƙananan yara ce, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Idonta ya faɗa kan wani jan garmaho ɗan Jamus mai ƙaho, wanda Katung ya shekara shida yana nema kafin ya samu. Ta yaba. Bakinsa ya rigaye shi, ya ce ai nata ne.

"Oh, Uncle, thank you!"

Ta rungume shi, ta naɗe garmahon a mayafinta, da faifai biyu. Babanta yana kicin wajen matar gida yana neman ƙarin yaji, bai ga komai ba. Katung ya raka su har bakin ƙofa yana murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a coci.

Kwana uku bai ci abincin kirki ba. Yana son kayansa, amma ya gwammace komai da a ce ya yi kyauta ya janye. Na ce masa maganinsa ke nan, ai bakinsa ne ya jawo. Da ya ji Nusrat ta kai garmahon ajinta, inda 'yan shekara huɗu suke, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya sa na kira ta na ce muna so mu zo mu ga makaranta. Ta nema mana izini, ranar Alhamis muka tafi.

Mun tarar da yara sun yi layi a kan darduma. Kowa ya wana sau biyar ya ba na baya. Da ƙarfin wanin ya fara ƙarewa, waƙar ta soma ja, muryar matar da ke rera ta ta koma ta ƙaton namiji mai jin barci, sai ajin ya kece da dariya, wasu har da birgima. Katung bai taɓa bari ƙarfin wanin ya ƙare masa a tsakiyar faifai ba, don haka bai san garmahonsa na yin wannan abu ba. Na ga ya cije leɓe, ya kau da kai, can dai dariyar ta ƙwace masa har da hawaye.

Ashe Malam Mutawakil ya riga ya ji labari, ya yi wa Nusrat tatas. Ta ɗauko kwalin da za ta saka garmahon, ta zo gaban yayana ta rusuna, ta yi Hausar da ka ji ka san ta sha bita.

"Kawu, ka yi haƙuri, ban sani ba. Ga kayanka."

Yaran suka zuba musu ido. Yarinyar da layi ya zo kanta tana tsaye, hannunta a kan mawanin, tana kallonsa. Abin da ya kawo shi ke nan, an ba shi a sauƙaƙe, ba tare da ya roƙa ba. Ni kuwa na san halin ɗan'uwana da kayan nan.

Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan gwangwani. Ya ce wa Nusrat wa ya ce mata karɓa ya zo yi? Allura ya kawo. Ya ji alamar tun Litinin da guda ɗaya suke ta fama, alhali kowane faifai da sabuwar allurarsa, in ba so take ta kashe masa waƙa ba. Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya canja, ya ce wa yarinyar ta wana, amma a hankali.

A bas ɗin komawa na fara tsokanarsa, na ce yau dai an ci shi da yaƙi. Bai ko musa ba. Fuskarsa cike da murna ya juyo ya dube ni.

"Kin ji su kuwa? Shekara tara abin nan yana gidana, ban taɓa jin ya sa kowa dariya ba sai yau."