Malam Hashimu da Gansakukar Bakin Tabki

Duk damina, in ruwa ya sauka a Ollelewa, Malam Hashimu kan bar gonarsa ya nufi bakin tabki da ƴar wuƙa da madubin ƙara girma. Zai durƙusa, hanci kusa da laka, ya daɗe bai ɗago ba. Mata masu ɗibar ruwa sun saba, har ba sa tambaya.

Malamin kimiyyar halittu ne, bana ya ajiye alli. Abin da yake dubawa ƴan tsirrai ne kore shar, a manne da ƙasa, ba su kai farce ba, ba fure ba ƴaƴa. Mu duk gansakuka muke ce musu mu wuce. Shi kuwa ya ce a'a, masana sun raba su dangi-dangi, waɗannan dangin Ricciaceae ne, kuma a cikinsu ma kowa da kamarsa: wani da tsaga a tsakiya, wani da baƙin gefe. Yakan kankaro kaɗan, ya busar, ya aika Yamai a tantance. Mai baƙin gefen nan, duk yawonsa daga Falanko har Tarka, a kusurwa ɗaya ta tabkin nan kaɗai ya same shi.

To da ranin bara sai masu yin tubali suka iso kusurwar da digarsu. Malam ya je wurin babbansu, Audi.

"Audi, don Allah ku matsa gaba. Akwai mai rai a nan."

Audi ya dubi busasshiyar ƙasa, inda tsirran suka bushe suka zama ɓawo, ya tuntsire da dariya. "Haba Malam! Wannan ɓawon? Ko akuya ba ta kallonsa."

Malam bai yi gardama ba. Ya ɓamɓaro ɓawon, ya ɗora a murfin kwano, ya yayyafa ruwan buta, ya koma inuwa ya zauna. Kafin la'asar abin ya buɗe, ya yi kore. Masu tubali suka leƙa, wani ya ce ikon Allah, suka koma aiki. Laka ce abincinsu, kuma ta kusurwar nan ta fi kyau.

Sun haƙe wurin kusan duka. Amma Audi ya bar fili kamar faɗin tabarma, rami ya kewaye shi.

"Don kai na bari, Malam, ba don ciyawar ba."

"Ya isa," in ji Malam.

Malam Hashimu, kai ne ka durƙusa wa abin da kowa ke takawa, ba lada a hannu, ba suna a rediyo. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Masu ilimi cikinmu su yi koyi da kai, su duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Sauran mu kuma, in hanya ta bi da mu bakin tabkin Ollelewa muka ga wani ɗan tudu tsaye shi kaɗai a tsakiyar ramuka, mu kewaye shi.